Barin Aiki Mai Tsoka Zuwa Mai Ƙaramin Albashi: Ina Matsayin Haƙƙin Iyali?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba arziki a tsakanin bayinSa, Ya kuma sanya nema ya zama sababin samu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Mas'alar da ke gabanmu a wannan zama ta shafi gidaje da yawa. Ga mutum yana aiki a Sakkwato, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas, albashinsa mai kauri ne, amma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin ba. Wani shakkar halaccinsa yake yi. Wani nisa da iyali ya dame shi, 'ya'yansa suna girma ba ya ganinsu sai daga salla zuwa salla. Wani kuwa yana ganin ilimin da Allah Ya ba shi ya fi amfani a aji fiye da ofis. Sai ga wata dama ta samu ta koyarwa, ko aikin asibiti a gida, ko wata ƙaramar sana'a, amma abin da za a samu bai kai rabin na da ba. Ya tafi ne, ko ya zauna?

Masu ba shi shawara sukan kasu biyu. Kashi na farko su ce masa ya yi tawakkali kawai, ai bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Kashi na biyu su ce masa sakin na hannu ne kamun na guje, wa ya taɓa barin kuɗi? Dukansu biyu sun tsallake abin da shari'a ta fara dubawa, wato cewa albashin magidanci ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai masu haƙƙi a cikinsa tun kafin ya shiga aljihunsa: mata, da 'ya'ya ƙanana, da iyaye mabuƙata, da masu bin sa bashi. Saboda haka tambayar da za a fara yi ita ce: shin sabon samun zai ishi waɗannan masu haƙƙi gwargwadon al'adar wuri? Wannan shi ne abin da malamai suke kira kifaya, kuma shi ne ma'aunin mas'alar tun daga farkonta har ƙarshenta.

Rabe-raben mas'alar

Masu son barin aiki iri uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda aikinsa haramun ne tabbatacce, ko kuma ba ya yiwuwa a yi shi sai da cin hanci da zambar takardu. Wannan ba ya cikin masu zaɓi, domin barin haram wajibi ne, kuma iyali ba su da haƙƙin a ciyar da su da shi. Sai dai a kula, hukuncin aiki ba ya tabbata da jita-jita ko da zafin wa'azi. Wanda yake shakka, kamar ma'aikatan bankuna, ya tafi wurin malami masani ya zayyana masa ainihin abin da hannunsa yake yi. Ya kuma sani ƙofa ba guda ɗaya ba ce, domin tun shekarar 2012 bankin Jaiz ya fara aiki a Nijeriya ba tare da kuɗin ruwa ba, wasu kuma suka biyo bayansa, mai wannan ƙwarewa yana iya neman canji ba tare da ya zubar da iliminsa ba.

Na biyu shi ne wanda aikinsa halal ne, wanda zai koma ma halal ne, kuma ƙaramin albashin zai riƙe gidansa ko da an rage wasu abubuwan marmari. Wannan yana da zaɓi, in kuwa sabon aikin ya fi amfanar Musulmi, ko ya fi kusantar da shi ga tarbiyyar 'ya'yansa da hidimar iyayensa, to abin yabo ne.

Na uku shi ne wanda aikinsa halal ne, amma idan ya bari tukunya ba za ta hau wuta kullum ba, ko yara za su bar makaranta, ko bashi zai tsaya. Wannan bai halatta ya yi gaggawa ba, komai kyawun niyyarsa, domin ciyar da iyali farilla ce, jin daɗin aiki kuwa bai kai matsayin farilla ba. Ya ci gaba da haƙuri yana shiri har ya fita daga kashi na uku ya shiga na biyu.

Mu tuna abin da ya zo a cikin ingantattun littattafan hadisi game da Hindu 'yar Utbatu, lokacin da ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa yana matse hannu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta izinin ta ɗebi abin da zai ishe ta da ɗanta bisa al'ada. Haka kuma Sa'adu bin Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa domin neman lada, aka tsayar da shi a kan sulusi, aka nuna masa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. A mazhabar Imam Malik, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, matar da mijinta ya kasa ciyar da ita tana da damar kai ƙara, alƙali ya ba shi wa'adi, in ya kasa a raba auren. Duk wanda ya san wannan ba zai ɗauki nafaƙa da wasa ba.

Darasi daga magabata

Babu misalin da ya fi dacewa da wannan mas'ala kamar na Sayyidina Abubakar Siddiƙ, Allah Ya ƙara masa yarda. Ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi, kuma kasuwancinsa yana riƙe da gidansa. Da aka yi masa mubaya'a a shekara ta 11 bayan Hijira, sai aka gan shi ya ɗauko haja ya nufi kasuwa. Umar da Abu Ubaida suka tare shi, suka nuna masa jagorancin al'umma ba zai haɗu da zaman kasuwa ba. Abin da ya fara tambaya shi ne daga ina zai ciyar da iyalinsa. Sahabbai ba su zarge shi da raunin tawakkali ba. Suka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali, sa'an nan ya bar kasuwa.

Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Mafi falalar wannan al'umma bayan Annabinta, ana kiransa zuwa ga mafi girman aiki, amma bai saki sana'arsa ba sai da aka warware maganar abincin gidansa. To wane ne kai, wane ne ni, da za mu ce lissafin cefane ƙarancin imani ne?

A wannan ƙasa tamu ta Gobir ma akwai abin lura. Kangon Alƙalawa, tsohuwar hedikwatar Gobir, yana nan kusa da mu a ƙasar Sabon Birni. Wajajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, bai karɓi dukiyar ba. Ya nemi abubuwa biyar a madadinta, daga ciki akwai a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Sau da yawa ana ba da wannan labari a tsaya a nan. Amma ruwayoyin tarihinsa sun ambaci cewa Shehu yana da sana'ar hannu, yana tufkar igiya, kuma rayuwarsa mai sauƙin buƙata ce. Wanda ya rage buƙatarsa, ya kuma riƙi sana'a, shi ne yake iya kallon zinariya ya kau da kai.

A zamanin kusa kuma, ga Malam Aminu Kano. Yana aikin koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, a tsohon Lardin Sakkwato, sai ya ajiye aiki a shekarar 1950, ya bar albashin da yake zuwa duk wata, ya shiga gwagwarmayar jam'iyyar NEPU. Bai sami kujerar majalisar tarayya ba sai a zaɓen 1959, wato bayan shekara 9. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, gidansa na Gwammaja kuwa shi ne Mambayya da ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ba siyasarsa ce ta kawo mu nan ba. Abin da ya kawo mu shi ne tsawon waɗannan shekaru. Mai son ya yi koyi da irin wannan mataki ya tambayi kansa ko shi da gidansa za su iya ɗaukar shekara 9 na ƙunci, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yadda ake lissafin

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera albashi biyu a duba wanda ya fi yawa. Abin da ya kamata a auna shi ne abin da yake isa gida bayan an cire abin da aikin kansa yake ci.

Mu buga misali, lambobin kuma na misali ne kawai, kowa ya sa nasa. Mu ƙaddara wani yana karɓar Naira 250,000 a wata a birni, iyalinsa suna nan gida. Hayar ɗakinsa tana cin 40,000, kuɗin mota zuwa wurin aiki 45,000, abincinsa shi kaɗai 50,000, zuwa gida ganin iyali 25,000. An ci 160,000 ke nan, abin da ya isa gida 90,000 ne. Idan ya sami aikin 100,000 a Isa, yana kwana a gidansa, yana ci daga tukunya ɗaya da iyalinsa, man babur ya ci 10,000, to abin da ya rage 90,000 ne. Wannan mutum a idon jama'a ya yi asarar 150,000, alhali a haƙiƙa bai rasa ko kwabo ba, ya kuma sami 'ya'yansa. Amma mu ƙaddara wani mai irin wannan albashi yana zaune da iyalinsa a gidan kansa a Sakkwato. Shi idan ya koma aikin 100,000, asararsa ta gaske ce, kuma a cikin kwanon yara za a gan ta. Albashi ɗaya, canji ɗaya, amma hukuncin ya bambanta.

Abu na biyu, kada a yi lissafi da Naira ita kaɗai, domin Naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama Naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a watan Yuli na 2024. Amma litar man fetur da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Albashi ya ninka sau biyu da 'yan kai, mai ya ninka kusan sau biyar, kuma kuɗin mota da na hatsi suna bin sawun mai. Iyayenmu da suka ga zamanin SAP daga 1986 sun san wannan ciwo tun kafin mu. Saboda haka magidanci ya yi lissafinsa da tiya. Gidan da yake cin tiya ɗaya ta gero ko dawa a yini yana buƙatar tiya 365 a shekara, wato buhu 9 da ɗan ɗori in buhu yana cin tiya 40. Ya tambayi kansa: sabon albashina buhu nawa zai saya a lokacin kaka, buhu nawa kuma a tsakiyar damina lokacin da hatsi ya fi tsada? A kan farashin damina ake gina lissafi.

Abu na uku ya keɓanta da mu mutanen wannan yanki. Da yawa sukan ce, in na komo gida gona za ta cike giɓin, ga fadamar Rima da Bunsuru, ga noman albasa da rani. Gaskiya ne ƙasarmu mai albarka ce. Amma dukanmu shaidu ne a kan abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Isa da Sabon Birni: gonakin da aka bari ba a nome ba, garuruwan da aka ɗora wa haraji kafin su girbe abin da suka shuka, da 'yan'uwanmu da suka tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a Jihar Maraɗi tun daga 2019. A watan Satumba na 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da namu, masu sana'ar waya da na cirar kuɗi suka zauna ba ciniki. An rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris 2024, masu fatauci tsakanin Shinkafi da Maraɗi suka ɗanɗana kuɗarsu. Don haka gona da fatauci a nan a ɗauke su a matsayin ƙari in Allah Ya kawo, kada a ɗora abincin yara a kansu su kaɗai.

Abu na huɗu shi ne abin da ba ya bayyana a takardar albashi, wato fansho da kula da lafiya. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikacin gwamnatin tarayya ko na kamfani ana cire masa kashi 8 cikin 100, mai aikin ya ƙara kashi 10, a tara masa a asusunsa. Wanda ya koma wurin da babu wannan tsari, kamar yawancin makarantun Islamiyya, ya san ya bar wannan ma a baya. Dokar ta ba wanda ya bar aiki kafin ya cika shekara 50, ya kuma yi wata 4 bai sami wani ba, damar cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Wannan guzurin tsufa ne, kada a taɓa shi sai da larura.

Shawara da uwargida

'Yan'uwa magidanta, a nan ne da yawanmu muke zamewa. Mutum zai shawarci abokansa a majalisa, ya shawarci malaminsa, amma wadda za ta auna tsaba ta ga ba ta kai ba ita ce ta ƙarshen ji. Wannan ba adalci ba ne. Umar bin Abdul'aziz, Allah Ya jiƙansa, da ya hau halifanci a shekara ta 99 bayan Hijira ya zaɓi rayuwar ƙanƙan da kai, bai tilasta wa matarsa Faɗimatu 'yar Abdulmalik ba. Ya ba ta zaɓi tsakanin kayan adonta da zama da shi, ta zaɓi zama da shi, aka mayar da kayan baitulmali. Haƙurin da mace ta zaɓa da kanta lada ne gare ta da kai. Wanda aka ɗora mata ba da saninta ba shi ne yake zama gori da rigima, ya ƙare a gaban alƙali.

A kuma sani, in matarka tana aiki, ko tana saƙa, ko tana kiwo, abin da ta samu nata ne. Ba ya halatta ka sa shi a cikin lissafinka sai da yardarta, yardar da babu tursasawa a cikinta. Mai mata fiye da ɗaya kuwa ya sanar da su duka, ragin kuma ya shafi kowane ɗaki daidai. Su ma iyayenmu mata, muna yi musu nasiha da su saurari mazajensu da kyakkyawan zato, domin mijin da aiki yake cinye masa lafiya da addini ba riba ba ne ga gida, komai yawan abin da yake aikowa.

Matakai kafin a ajiye aiki

Na ɗaya, mutum ya tantance abin da yake gudu. In aikin ne kansa, wannan daban. In kuwa wani shugaba ne ya ɓata masa rai, to shugaba yana tafiya, kuma ana iya neman canjin wurin aiki. Ba a rubuta takardar ajiye aiki a ranar fushi.

Na biyu, ya gwada kafin ya shiga. Ya yi wata 6 yana nan a kan aikinsa, amma gidansa yana rayuwa a kan adadin sabon albashin, rarar kuwa a sayi hatsi a zuba a rumbu, ko a sayi tumaki a turke. In gidan ya ɗauka, ya sami hujja kuma ya sami jari. In bai ɗauka ba, ya gane gaskiya alhali aikinsa yana hannunsa.

Na uku, ya biya bashi tukuna, ya kuma kammala adashin da ya shiga, domin bashin da ya yi nauyi a kan babban albashi zai karya mai ƙarami.

Na huɗu, ya zaɓi lokaci. A bar aiki da kaka, rumbu cike, kuɗin makarantar yara a biye, ya fi a bar shi da bazara.

Na biyar, ya fita ta ƙofa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ajiye sanarwar wata guda ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye a wurin aiki, in yarjejeniyarsa ta ƙunshi fiye da haka sai ya cika ta, domin Musulmi mai cika alkawari ne. Ya miƙa amanar da ke hannunsa, ya rabu da mutane lafiya. Ma'aikacin gwamnati kuma ya fara bincikar ko zai sami hutu ba albashi kafin ya yanke igiyar gaba ɗaya.

Na shida, ya yi istihara, ya shawarci masu tsoron Allah da suka san aikin biyu. Bayan wannan sai tawakkali, kamar yadda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

Kira ga al'umma

Ba zan rufe ba sai na juyo gare mu baki ɗaya. Muna kukan makarantunmu babu ƙwararrun malamai, asibitocinmu babu ma'aikata, 'ya'yanmu masu ilimi sun tare a birane. Amma idan ɗayansu ya sadaukar ya komo, sai mu bar shi da "Allah Ya saka da alheri", wata ya ƙare ba a biya shi ba. Malaman mazhabarmu sun halatta karɓar lada a kan koyarwa, har Ibnu Sahnun ya yi littafi a kan ladubban malaman makaranta da haƙƙoƙinsu tun ƙarni na uku bayan Hijira. Sahabbai da suka buƙaci lokacin Abubakar, sai suka ɗauke masa nauyin gidansa. Kwamitocin makarantu da mawadatanmu su yi koyi da wannan: a yanka wa malami abin da zai ishe shi, a biya shi a kan kari, wanda Allah Ya hore wa hatsi ya aika masa da buhu lokacin kaka, iyayen yara kuma su daina jinkirta kuɗin wata.

Muna roƙon Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga haram, Ya sanya albarka a cikin kaɗan da mai yawa, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu da gonakinsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ne Mafi sani.